Likitan da Zulaihatu Ta Nemo

Malam Jinaidu kashiya ne a wani banki a Kontagora, mutum mai jiki da yawan dariya, wanda ba ya wasa da tuwo. Matarsa Zulaihatu malamar firamare ce a Tudun Wada. 'Ya'yansu uku, babbar ita ce Saudatu, shi ya sa take kiransa Baban Saudatu.

A shekarar 1993, bayan ƙaramar salla, banki ya tura shi kwas Zariya, kuma bai dawo yadda ya tafi ba. Da farko loma ce ta ragu. Daga baya ko kunu ya sha sai ya tsaya masa a ƙirji, ya zagaya bayan ɗaki ya amayar. Wando ya fara zame masa, har ya kai bel ɗinsa wajen mai gyaran takalma aka ƙara huda. Duk lokacin da ta tambaye shi sai ya ce olsa ce, ciwon da rabin ma'aikatan banki ke fama da shi saboda rashin cin abinci a kan kari.

Bankin na da yarjejeniya da wani asibitin kuɗi a cikin gari. Ma'aikaci ya nuna katinsa a duba shi ko iyalinsa, banki ya biya daga baya. Can Jinaidu yake zuwa ya karɓo farin magani mai kauri da 'yan ƙwayoyi. Wata rana Zulaihatu ta ce sai ta bi shi. Likitan wurin mutumin kirki ne, amma na kowace irin cuta ne, daga zazzaɓi har haihuwa. Bai ɓoye mata ba, ya ce wannan ciwo ya fi ƙarfin abin da yake da shi, kuma ya sha gaya wa Malam ya je wurin ƙwararre, shi ne ke jan ƙafa.

A hanyar gida ta tsare shi da magana. Ya ce Zariya da nisa, ba a ba da hutu yanzu, ga shi ana ta rage ma'aikata, in manaja ya ji yana jinya sunansa ne zai fara shiga. Ta saurare shi har ya gama, sannan ta ce to, in shi ba zai je wurin ƙwararre ba, ita za ta nemo ƙwararren a kusa, wanda banki zai yarda da shi. Ya yi 'yar dariya, ya ce Allah ya ba ta sa'a.

Maƙwabciyarsu Tabita nas ce a babban asibiti, Bakambara mai faɗin gaskiya, katanga ɗaya ce tsakaninsu. Ita ta fahimtar da Zulaihatu cewa akwai likitocin da suka ƙara karatu a kan ciki da hanji da hanta kaɗai, kuma ba su da yawa a ƙasar. Ta ce kada allon ƙofar asibiti ya ruɗe ta. Ta tambayi mutum inda ya yi karatu, ta tambayi asibitin koyarwar da ya ƙware a ciki, ta kuma sa a duba mata ko hukumar likitoci ta san da shi. Wannan na ƙarshe ya zo wa Zulaihatu da sauƙi, don yayanta Abdulƙadiri yana aiki a ma'aikatar lafiya a Minna.

Na farkon da aka kwatanta mata yana kusa da tasha, a saman wani shagon taya. Allonsa ya ce ƙwararre ne a kan ciwon ciki, daga ƙasar waje. Ta je bayan an tashi makaranta, da alli a gefen mayafinta. Bangon ɗakin cike yake da satifiket a cikin gilashi. Kafin ya fito ta sa tabarau ta bi su ɗaya bayan ɗaya, ta ga yawancinsu na halartar taro ne, ɗaya ma na koyon sayar da magani. Da ya zauna ta gaishe shi cikin ladabi, ta tambaye shi makarantar da ya yi. Fuskarsa ta canza, ya ce magani ta zo nema ko bincike? Sai kuma ya sassauta, ya ce ta kawo mara lafiyar kawai, wankin ciki zai yi masa, kuma katin kowane banki yana karɓa. Saurin yardar tasa ya fi komai tsorata ta. Ta aika wa Abdulƙadiri sunan ta hannun wani direba, amsa ta dawo cewa ba a san mai wannan suna a cikin likitoci ba.

Daga nan ranakun Asabar ɗinta suka koma na hanya. Damina ta sauka, ga wahalar mai, a wuni a tasha kafin fijo ta cika. Ta je Minna ta ga wani, likita ne na gaskiya amma na tiyata, shi da kansa ya ce ba fanninsa ba ne. Ta bi labarin wani har Bida, ta tarar ya bar ƙasar tun bara. An ce mata akwai wani a barikin soja, ashe likitan yara ne. Kullum takan dawo da la'asar, ƙafa duk taɓo, ta tarar da Jinaidu kwance a tabarma ƙarƙashin mangwaro, yara na zagaye da shi. Takan zauna ta ba shi labarin abin da ta gano da wanda aka ce ta gwada, shi kuma ya zuba mata ido yana murmushi.

Wata Asabar tana ɗaura ɗankwali ya kira ta daga tabarma.

"Zulai, yau dai ki bari. Ki zauna mu yi hira."

"In na zauna wa zai nemo?" Ta faɗa tana neman jakarta. "Hira ba ta ƙarewa, Baban Saudatu. Ka warke tukuna."

Ya koma ya kwanta. Ta bar wa Saudatu sallahun yadda za ta dama masa kunu, ta fita.

Damina ta yi nisa sannan Tabita ta shigo da labari daga coci. Akwai wani ɗan Rijau, Dakta Andarawus, babban likita a asibitin koyarwa na Zariya, ciki da hanji ne fanninsa. Duk ƙarshen wata yakan zo gida duba tsohuwarsa, kuma yakan tsaya a asibitin wani abokinsa a unguwar GRA ya ga marasa lafiya kafin ya wuce. Zulaihatu ba ta yi saurin murna ba. Ta je ofishin tarho ta kira yayanta, ya bincika ya ce sunan na nan, har da shaidar ƙwarewar. Tabita ta tambayi wata da suka yi makarantar nas tare, wadda ke aiki a Zariya, ita kuma ta ce ai shi ne mai zura 'yar tiyon nan mai fitila ta maƙogwaro ya leƙa cikin mutum. Sai a ranar Zulaihatu ta ci abinci ta ƙoshi.

Saura banki. Asibitin na GRA ba ya cikin waɗanda bankin ke hulɗa da su, kuma akawun wurin ya ce su ba sa karɓar katin banki, don an sha ja musu rai kafin a biya. Ta nemi ganin mai asibitin, ya ce in banki ya rubuto musu da kansa, zai yarda. Ta je wurin Malam Nagoggo, mai kula da harkar ma'aikata a reshen, dattijo mai sanyin hali wanda suka fara aiki tare da Jinaidu. Ya ce ba shi da iko, sai ofishin shiyya a Kaduna, su ma sai likitan banki ya rubuta cewa shi ya tura. Ta koma wurin likitan banki ya rubuta. Takarda ta tafi Kaduna ta dawo, wai ba a buga hatimi ba. Ta sake tafiya. Malam Nagoggo ya yi mata alkawarin maganar ba za ta kai kunnen manaja ba sai ta zama dole, ya kuma cika. Duk ranar da ta leƙa, yakan miƙe ya ba ta kujerarsa, ya ce bai taɓa ganin mace mai naci irinta ba. Ana gab da ƙarshen wata amincewa ta iso.

Duk wannan ba ta gaya wa Jinaidu sunan likitan ba, tana tsoron kada ta sa masa rai abin ya wargaje. Ranar da komai ya kammala ta same shi yana kurɓar kunu, ta durƙusa gabansa ta zayyana masa, tun daga coci har Kaduna. Da ta ambaci Dakta Andarawus sai ya ajiye kofin a hankali, ya ce ta maimaita. Ta maimaita. Ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya ce Allah ya saka mata da alheri, ta wahala. Ta ɗauka gajiya ce.

A kwanakin da suka rage ya yi ta kawo dalilai. Yau ya ce ya ji sauƙi, gobe ya ce a bari sai wata mai zuwa. Ba ta ko kula shi ba. Ranar Asabar da hantsi ya sa farin kaftaninsa, wanda yanzu yake lilo a jikinsa kamar na aro, suka shiga tasi. A hanya ya taɓa hannunta ya ce akwai maganar da yake so su yi. Ta ce ya adana ƙarfinsa, in sun fito sa yi.

Dakta Andarawus dogo ne mai furfura a gefen kai, Hausarsa da ɗan karin mutanen Rijau. Yana rubutu suka shiga. Da ya ɗago ya ga Jinaidu sai ya ajiye biro ya miƙe tsaye.

"Malam Jinaidu," ya ce, ya miƙo hannu biyu. "Na ce ka dawo mini da wani naka, shiru. Har ofishin masu kwas ɗinku na aika."

Zulaihatu ta dubi likitan, ta dubi mijinta. Jinaidu ya zauna a kujera, ya cire hularsa ya riƙe a cinya. Likitan ya lura da fuskarta, ya rage murya.

"Malama ta sani?"

Jinaidu ya girgiza kai. "Likita, ka gaya mata. Ni na kasa."

Likitan ya jawo kujera ya zauna kusa da su, ba a bayan tebur ba. Ya ce lokacin kwas ɗin Malam ya yi aman jini a masauki, abokansa suka kawo shi asibiti. Shi ya leƙa cikinsa, ya ɗebi ɗan nama aka auna. Ciwon daji ne a bakin tumbi, kuma tun a lokacin ya riga ya kai hanta. Ya gaya wa Malam komai, bai rage masa ba.

Ta ji maganar kamar daga wani ɗaki ake yin ta. Ta tambaya ko da ya dawo tun lokacin da an yi aiki. Likitan ya ce ba zai yi mata ƙarya ba. Da an sauƙaƙa masa cin abinci, da an rage masa zafi tun da wuri, amma aiki ba zai cire shi ba, ko a Zariya ko a wani wuri. Ta tambaya ko akwai wanda ya fi shi sani, a Ibadan ko Legas. Bai ji haushi ba. Ya ce akwai malamansa, zai ba ta sunayensu in tana so, amma abin da ya gani su ma shi za su gani, kuma jikin Malam ba zai ɗauki doguwar tafiya ba yanzu.

Ya kwantar da Jinaidu ya duba shi, ya rubuta maganin zafi mai ƙarfi, ya yi mata bayanin yadda za ta riƙa ba shi abinci kaɗan-kaɗan, mai ruwa-ruwa, yana zaune. Tana ta gyaɗa kai. Da za su fita ta buɗe jaka ta ciro takardar banki, wadda ta naɗe a leda saboda ruwa, ta miƙa masa, ta tambaya ko ta yi daidai. Ya karɓa ya karanta har ƙasa.

"Ta yi daidai, Malama. Ba abin da kika bari."

Da suka iso gida ta shimfiɗa masa tabarma, ta ba shi maganin, ta shiga madafa ta ja ƙofa.

Kwanaki suka wuce ba ta ce masa komai ba sai abin da ya zama dole. Tana dama kunu, tana tace romo, tana wanke masa kwanon amai, amma ba ta haɗa ido da shi. Yara suka lura, suka rage wasa a tsakar gida. Tabita ta shigo ta ji labari, ta zauna a bakin murhu ta yi kuka, ita kuwa Zulaihatu ko ɗigo. Abin da ke cin ta ba ta iya faɗa wa kowa ba. In ta rufe ido tasha take gani, da kujerar Malam Nagoggo, da kanta tana ba Jinaidu labarin likitoci yana mata murmushi.

Wata la'asar yara sun tafi islamiyya, ta kawo masa ruwan alwala za ta juya, ya riƙe bakin zanenta. Riƙon ba ƙarfi, da ta ja da ya saki. Ta tsaya.

Ya ce ranar da ya dawo daga Zariya da niyyar gaya mata ya shigo. Ya tarar tana yi wa ƙaramarsu kitso, suna dariyar wani abu, sai ya ce bari gobe. Goben ta yi ta matsawa. Da ta fara neman likita ya ce ai za ta gaji ta bari, sai ya gaya mata. Ba ta gaji ba. Kuma duk ranar da ta dawo da sabon suna, fuskarta a sake, shi ma sai ya ji kamar wataƙila wannan zai faɗi wata magana dabam. Ya ce a tsakanin su biyu shi kaɗai ne ya san zai mutu, kuma a wurinta kaɗai yake samun hutu daga sanin.

Ta zauna a gefen tabarmar, ta juya masa baya.

"Ka bar ni ina yawo a tasha," ta ce. "Duk daminar nan. Kana nan kana ƙarewa, ni ina Bida ina tambayar mutumin da ba ya ƙasar."

"Na ce ki zauna."

"Ba ka ce mini don me ba."

Can ta ji kafaɗarsa ta jingina da bayanta, ƙashi zalla, ba nauyi. A nan kukan ya zo mata. Ta yi shi har aka kira magariba, shi kuma yana jingine da ita, ruwan alwalar ya huce a buta.

Washegari ta je ta nemi hutu a makaranta. Shi ma ya aika wa Malam Nagoggo cewa a gaya wa manaja gaskiya. Aka sanar da 'yan'uwansa da nata, gida ya riƙa cika yana raguwa. Da bakinsa ya gaya wa Saudatu, ƙananan kuwa aka ce musu Baba ba shi da lafiya sosai, su riƙa zama kusa da shi.

Sauran lokacin ba ta je ko'ina ba. Maganin ya sa yana samun barci, kuma in ya farka yakan yi hira. Ya ba ta labarin yarintarsa da ba ta taɓa ji ba, yadda ya bi wani kawunsa cin Kasuwan Garba a ƙafa ya ɓata a cikin shanu. Ya gaya mata wanda yake so ya riƙe maganar karatun yara, da wanda ba ya so. Wani lokaci ya sa ta dafa tuwon dawa da miyar kuka, ba don ya ci ba, don ya ji ƙamshin, ta zauna gabansa ta ci yana kallo yana tsokanarta wai lomarta ta yi ƙanƙanta. Wani lokaci kuma zafin ya taso, ba hira, sai riƙe hannu da salati.

Ƙarshen wata Dakta Andarawus ya biyo ta gidan a hanyarsa ta Rijau, ba wanda ya kira shi. Ya cire takalmi ya zauna a tabarma, ya ƙara yawan maganin, suka taɓa hirar noman bana da Jinaidu. Da ta raka shi zaure ya ce mata lokaci ya matso, ta kira wanda za ta kira.

Ana yankan dawa ya rasu, wata Talata da hantsi, kansa a cinyarta. Kwana kaɗan kafin nan ya tambaye ta ko ta yafe masa. Ta ce ta yafe, duniya da lahira. Ya lumshe ido ya ce alhamdulillahi, kuma daga ranar bai sake tayar da maganar ba.

Bayan ta fita takaba ta koma aji. Mutane suka ce ta yi haƙuri, ta yi ƙoƙari, ba macen da za ta yi wa miji abin da ta yi. Takan amsa da godiya. Wata rana suna tsintar shinkafa da Tabita a tsakar gida, Tabita ta tambaye ta a hankali ko har zuciyarta ta yafe masa.

Zulaihatu ta daɗe tana juya shinkafar a faifai. Ta ce ranar da ta faɗa masa da gaske take, kuma ko yau aka sake tambayarta haka za ta ce. Amma akwai safiyar da takan farka da haushinsa, haushi sosai, har ta juya za ta yi masa magana.

Tabita ta matso kusa da ita. Ta jawo faifan gabanta ta ci gaba da tsintar, don ta ga hannun Zulaihatu ya tsaya.